Haɗa Na'urar Ƙasan Kabad da Na'urar Gindin Bango a Kan Da'irar Ruwa Guda

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana wata matsala da masu aikin famfo suke cin karo da ita a ƙasashe masu tsananin hunturu, musamman arewa maso gabashin Amurka da Kanada, inda ake ɗumama gidaje da ruwan zafi. A can, tukunya guda takan dafa ruwa har ya kai digiri 180 na ma'aunin Faranhait, watau kimanin 82 na Salsiyas, sa'an nan famfo ya tura shi cikin bututun jan ƙarfe mai inci ¾ wanda ya bi gindin bango ɗaki-ɗaki, ya komo tukunya. Wannan bututu yana sanye da siraran fukafukai na alminiyam masu watsa zafi.

To, ɗakin girki ba shi da bangon da za a shimfiɗa irin wannan bututu, domin kabad-kabad sun cinye shi. Saboda haka akan cusa wata 'yar na'ura mai fanka a ƙasan kabad, tana hura ɗumi daidai ƙafar mai girki. Tambayar ita ce, yaya za a ba ta ruwa?

Abin da ya fi saurin zuwa a rai shi ne a yanke babban bututu a dasa ta a tsakiya. Wannan kuskure ne babba. Bakin na'urar inci ½ ne, cikinta kuma lanƙwashe-lanƙwashe ne. Bututu mai inci ¾ yana ɗaukar kusan galan 4 a minti, mai inci ½ kuwa bai wuce galan 1½ ba. Galan guda a minti, in ruwan ya huce da digiri 20 kafin ya komo, yana ɗauke da BTU 10,000 a sa'a. Ke nan da'irar da aka tsara ta kai 40,000 sai ta koma wajen 15,000, ɗakunan ƙarshe su kwana da sanyi.

Hanyar da ta dace ita ce a bar babban bututu ya wuce yadda yake, a fitar wa na'urar reshe da mahaɗai biyu masu siffar T. Ta wajen komowar ruwa akan sa mai mazurari a ciki, irin wadda kamfanin Bell & Gossett ya yi suna da ita, mai suna Monoflo. Mazurarin yana ɗan matse hanya, sai bambancin matsi ya tilasta wa wani kashi na ruwan ya bi reshe. Idan na'urar tana ƙasa da babban bututu, akan sa mai mazurari a duka ɓangarorin, tun da ruwan zafi ba ya son gangarawa. Lalle ne kuma a tanadi mafitar iska, don kuwa 'yar iska kaɗan ta isa ta toshe reshen.

Saura wani abu da akan manta. Fankar ba ta tashi sai wani ma'auni da ke jikin bututunta ya ji ruwa ya yi zafi sosai. Tukwanen zamani kuwa suna rage zafin ruwa idan sanyin waje ya sassauta, sai a ga gindin bango da ɗumi, fanka shiru. A ganina, gara a dasa reshen a farkon da'ira inda ruwa bai huce ba, a kuma sauya ma'aunin da mai tashi a ƙaramin zafi.