Ƙidayar gungun galaksi: daga idon mutum guda zuwa na'urar da yaƙi ya dakatar

A shekarar 1958 wani matashin masanin falaki ɗan Amurka, George Abell, ya fitar da jerin gungun galaksi 2,712. Galaksi tarin biliyoyin taurari ne, irin wanda ranarmu take ciki. Gungu kuwa shi ne inda ɗaruruwan galaksi ko dubbai suka haɗu, ƙarfin janyowa ya ɗaure su wuri guda. Abell bai yi aikin da kwamfuta ba. Hotunan sama da aka ɗauka a cibiyar Palomar ta jihar Kalifoniya ya riƙa bi da madubin ƙara girma, yana ƙirgawa da ido, kuma ma'auninsa na gungu shi ne galaksi aƙalla 50 masu kusancin haske, ko da yake ya saka waɗanda ba su kai haka ba a jerin.

Aiki ne na haƙuri, har yau kuma da lambobinsa ake kiran gungu da yawa. Sai dai hoto ba shi da zurfi. Wanda ya hango fitilu daga nesa da dare ba zai iya rantsewa ba cewa gari ɗaya ne, don mai yiwuwa ƙauyuka uku ne suka jeru a bayan juna. Haka wasu galaksi da babu abin da ya haɗa su sai layin kallo suka shiga lissafi a matsayin dangi.

Mafita ta zo daga abin da ido ba ya gani. Tsakanin galaksin kowane babban gungu akwai iskar gas mai zafin miliyoyin digiri, wadda nauyinta ya fi na taurarin duka, tana fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Jeruwa ta tsautsayi ba ta samar da wannan zafi. Da yake iskar duniyarmu tana tare wannan haske, dole a harba na'ura sama kafin a gan shi. Akwai kuma hanyar da Rashid Sunyaev da Yakov Zeldovich na Tarayyar Sobiyat suka hango: gas ɗin yana barin tabo a kan daɗaɗɗen hasken da ya saura daga farkon sararin samaniya, tabon da nisa ba ya dusashe shi.

Ƙidayar tana da dalili. Yawan manyan gungu a kowane zamani yana nuna yawan abin da sararin samaniya ya ƙunsa, har da ɓoyayyen abu marar haske da Fritz Zwicky ya ga alamarsa a gungun Coma tun 1933. Idan adadi ya saɓa wa lissafi, ka'idar masana ce za ta koma teburi.

A 2019 aka harba eROSITA, na'urar Jamus a kan kumbon Rasha, bisa yarjejeniyar raba sama biyu, kowa da rabinsa. An tsara ta share sama sau takwas. Ta kammala huɗu, sai Jamus ta dakatar da ita a Fabrairun 2022, kwanaki kaɗan bayan Rasha ta afka wa Yukiren. A farkon 2024 Jamusawa suka fitar da sakamakon zagaye na farko daga rabinsu kaɗai: gungu fiye da 12,000, sama da ninki huɗu na abin da Abell ya ƙirga da ido.