Harafi ɗaya na iya shafe rajistar shekara guda: yadda shafin intanet ke rubuta bayananku

Duk lokacin da mutum ya cike sunansa da lambar wayarsa a wani shafin intanet ya latsa maɓallin aikawa, akwai inda rubutun ke zuwa ya kwanta. Ba a cikin salularsa yake zama ba. Yana tafiya ne zuwa wata kwamfuta da ke kunne dare da rana, wadda ke riƙe da shafin. Masana suna kiran ta uwar garke, masu jin faransanci kuma su ce serber. Manyan kamfanoni suna zuba irin waɗannan bayanai a rumbuna na musamman, amma a ƙaramin shafi, irin na makaranta mai zaman kanta, ko ƙungiyar ƴan kasuwa, ko rediyon gari, sau da yawa hanya mafi sauƙi ake bi: a buɗe fayil, wato fishiye, a rubuta layi ɗaya, a rufe.

Hanyar ba ta da laifi. Sai dai tana da ramuka, kuma idan aka faɗa ciki, ba matashin da ya gina shafin ke asara ba. Mai makaranta ne zai wayi gari babu sunayen ɗaliban da suka yi rajista, ko magatakardan ƙungiya ya rasa odar da aka tara wata guda. Shi ya sa ya dace mai biyan kuɗin aikin ya san abin da ke faruwa a ciki, ko da bai taɓa rubuta layi ɗaya na shirin kwamfuta ba.

Harshen da aka fi yin wannan aiki da shi sunansa PHP. Rasmus Lerdorf, haifaffen tsibirin Girinlan da ya girma a Denmak da Kanada, shi ya fara shi a 1994, ya sake shi ga jama'a a 1995. Da shi aka gina WordPress da Wikipedia, da shi kuma Facebook ya fara a 2004. Kusan duk kamfanin da ke ba da hayar wuri a uwar garke yana haɗawa da PHP, don haka shi ne matasanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai suka fi cin karo da shi idan sun fara koyo.

Mu ɗauki misali. A ce wata ƙungiyar manoman albasa a wajen Galmi, jahar Tawa, ta sa an yi mata shafi don masu saye su riƙa aiko da oda. Wani daga Yamai yana son buhu 40. Abin da shirin zai yi layi uku ne:

$f = fopen("oda.txt", "a");
fwrite($f, "albasa;40;Yamai\n");
fclose($f);

Layin farko ya buɗe fayil ɗin, na biyu ya rubuta, na uku ya rufe. Alamar \n da ke ƙarshe ita ce ke cewa a koma sabon layi. Idan aka manta ta, duk odojin za su manne da juna a layi ɗaya mai tsawo.

Yanzu ku dubi harafin "a" da ke layin farko, don a kansa komai ya rataya. Ma'anarsa ita ce a je ƙarshen fayil a ƙara, kamar yadda mai kanti ke buɗe littafin bashi a shafin da ya tsaya. Akwai wani harafin, "w", wanda shi ma na rubutu ne, kuma shi ne darussan koyo da yawa ke fara nunawa. Shi "w" da zarar an buɗe fayil da shi, kafin ma a rubuta komai, yakan share duk abin da ke ciki. Ba ya tambaya, ba ya gargaɗi, kuma babu kwandon shara da za a je a tono. Fayil mai oda 3000 zai koma mai oda ɗaya, ta wanda ya zo ƙarshe. Abin da ya sa wannan kuskure ke tsallake gwaji shi ne, mai gina shafin yakan gwada sau ɗaya, ya buɗe fayil, ya ga layinsa na nan, ya ce aiki ya yi. Sai an aika oda biyu a jere a duba ko duka biyun suna nan sannan asiri ke tonuwa. Wannan gwaji kowa na iya yin sa daga salularsa.

Tun fitowar PHP 5 a 2004 akwai gajeriyar hanya da ta haɗa layukan nan uku, sunanta file_put_contents. Ita ma ɗabi'arta ta asali irin ta "w" ce: tana share tsoho ta sa sabo, sai an faɗa mata a fili cewa ƙari ake so, da kalmar FILE_APPEND. Akwai kuma harafin "x", wanda ke ƙin buɗewa idan fayil mai wannan suna ya riga ya wanzu. Yana da amfani wurin adana rasit, inda ba a so sabon ya hau kan tsoho.

Idan mutum biyu suka latsa a lokaci ɗaya

Littafin takarda alƙalami ɗaya ke rubutu a kansa. Uwar garke kuwa tana sauraron mutane da yawa a cikin daƙiƙa guda, kuma kowane da nasa kwafin shirin da ke gudu. A ce makaranta na ba kowane mai rajista lamba, kuma tana ajiye lambar ƙarshe a fayil. Uwa ɗaya ta latsa, shirin ya karanta 41. Kafin ya rubuta 42, wani uba ya latsa, nasa shirin shi ma ya karanta 41. Dukansu biyu za su tafi da lamba 42. A ranakun da ba kowa, wannan ba zai taɓa faruwa ba. Ranar buɗe rajista, lokacin da aka fi bukatar shafin, ita ce ranar da yake faruwa.

Maganin shi ne kulle. Ana kiran flock da kalmar LOCK_EX, shirin da ya riga ya riƙe fayil ɗin, sauran su tsaya layi har ya gama. A gajeriyar hanyar, ga yadda ake haɗa su:

file_put_contents("oda.txt", $layi, FILE_APPEND | LOCK_EX);

Amma akwai abu biyu da ƙwararru kansu ke mantawa. Na farko, wannan kulle na yarjejeniya ne, ba kwaɗo ba. Shirin da bai nemi kulle ba zai shiga ya rubuta abinsa, don haka dole duk shirin da ke taɓa fayil ɗin ya bi ƙa'ida ɗaya. Na biyu, idan aka buɗe da "w" sannan aka kulle, an makara, domin sharewar ta riga kullen. Saboda irin wannan ne aka ƙara harafin "c", mai buɗewa ba tare da ya share ba, a kulle tukuna, a karanta, sannan a sauya.

Sai batun ɗaukewar wuta, wanda ba sai an yi wa kowa bayani ba a garuruwanmu. Idan uwar garken a cikin ofishi take, wuta ta tafi ana tsakiyar sake rubuta fayil, za a iya samun rabi, tsohon ya tafi, sabon bai cika ba. Dabarar ita ce a rubuta sabon a wani fayil na wucin gadi, idan ya kammala a sauya masa suna da rename ya maye gurbin tsohon. A kan Linux, cikin faifai ɗaya, sauya suna abu ne na farat ɗaya: ko tsohon ne, ko sabon, babu rabi. Tun PHP 8.1 na 2021 akwai kuma fsync, mai tilasta wa kwamfuta ta sauke rubutun a kan faifai maimakon ta riƙe shi a ƙwaƙwalwar wucin gadi.

Mafi munin matsala a ganina ita ce wadda ba ta da ƙara. Idan faifai ya cika, ko shirin ba shi da izinin rubutu, fopen da fwrite suna dawo da amsar cewa ba a yi ba. Idan mai ginin bai sa a duba wannan amsa ba, shafin zai ci gaba da nuna wa mutane "an karɓi saƙonka, mun gode", alhali babu abin da aka rubuta. Ana iya yin makonni a haka.

Wa ke iya karantawa?

Da zarar matashi ya ga saƙon rashin izini, abin da ya fi saurin samu a intanet shi ne shawarar ya sa wa dosiyen lamba 777. Lambobin uku na mai fayil ne, da ƙungiyarsa, da sauran jama'a. Karatu 4 ne, rubutu 2, gudanarwa 1, jimla 7. Ke nan 777 na nufin kowa na iya komai. A uwar garken haya da ake zama da baƙi, wannan ba wa kura ajiyar nama ne. Abin da ake bukata shi ne a ba da izini ga sunan da shirin ke gudu da shi kawai, wanda a Debian da Ubuntu yawanci www-data ne.

Inda aka ajiye fayil ɗin ma ya fi lambar muhimmanci. Kowane shafi na da dosiyen da duniya ke gani, wanda ake kira public_html ko www ko htdocs. Duk abin da ke cikinsa, wanda ya san sunan zai iya sauke shi. Idan oda.txt na nan ciki, ya isa mutum ya rubuta adireshin shafin ya ƙara /oda.txt a baya, sai ga sunaye da lambobin waya a gabansa. Ba sai ya zama ɗan kutse ba, kuma akwai shirye-shiryen da ke yawo a intanet suna gwada irin waɗannan sunaye dare da rana. Wurin fayil ɗin shi ne wajen wannan dosiye, inda PHP ke kaiwa amma baƙo ba ya kaiwa. Kuma kada a taɓa zuba rubutun baƙo a fayil mai ƙarewa da .php, ko a bar shi ya zaɓi sunan fayil da kansa, don ta nan ake shigar da umarni a ƙwace shafin gaba ɗaya.

Wannan ba batun ladabi ba ne kawai. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun ranar 3 ga Mayun 2017, wadda aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta. Wanda ya tara sunaye da lambobin jama'a, alhakin tsare su na wuyansa.

Akwai wata matsala da ta shafe mu fiye da Turawan da suka rubuta littattafan koyo, ita ce ta haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tsohon tsarin haruffa na Yammacin Turai, ISO-8859-1, yana da é da è da ç na faransanci, amma ba shi da ko ɗaya daga cikin namu. Shafin da aka kwafo daga tsohon darasin faransanci zai iya mayar da Maraɗi ta zama Mara?i, kuma idan alamar tambaya ta riga ta shiga fayil, harafin ya tafi ke nan. Tsarin da ya dace shi ne UTF-8, tun daga shafin cikewa har zuwa fayil. A cikinsa kowane harafi mai lanƙwasa oktet biyu yake ci, oktet ɗin nan da kuke gani a Mo da Go idan kun sayi forfe. Don haka kalmar "ƙasa" haruffa 4 ce amma oktet 5. Shirin da ke yanke suna da ƙirgen oktet zai iya raba ƙ gida biyu ya bar tarkace. Umarnin da suka fara da mb_, kamar mb_strlen da mb_substr, su ne ke ƙirga haruffa daidai.

Ƙarshen yawancin waɗannan fayiloli dai a Excel ne, a kan teburin magatakarda. Nan ma akwai tuntuɓe. Excel na faransanci yana amfani da waƙafi a cikin lissafi, kamar 2,5, saboda haka waƙafi mai ruwa yake jira tsakanin gurabe. Shi ya sa misalin albasar ya zo da ";". Idan aka raba da waƙafi zalla, komai zai cunkushe a gurbi ɗaya. Kuma mai saye na iya sa waƙafi mai ruwa ko sabon layi a cikin bayaninsa ya wargaza jerin. Umarnin fputcsv na kula da wannan, yana kewaye irin rubutun da alamar zance. Idan kuma aka buɗe aka ga haruffanmu sun rikiɗe alhali a uwar garke lafiya suke, galibi wata alama ce ta oktet uku, mai suna BOM, ta ɓace a farkon fayil, wadda da ita Excel ke gane UTF-8.

Fayil zalla na da iyaka. Muddin ƙari kawai ake yi ana karantawa daga baya, ya wadatar. Ranar da aka fara neman sunan mutum ɗaya cikin dubbai, ko gyara layin tsakiya, ko haɗa biyan kuɗi da rajista, lokacin komawa rumbun bayanai ya yi. SQLite, wanda ya fito a 2000, shi ma fayil ɗaya ne, amma yana kula da kulle da ɗaukewar wuta da kansa, PHP kuma ya san shi. Idan aikin ya girma sai MySQL ko MariaDB.

Ko wanne aka zaɓa, kwafi ɗaya bai isa ba. A daren 9 zuwa 10 ga Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a Strasbur ta Faransa, miliyoyin shafuka suka tsaya, kuma waɗanda ajiyarsu ta biyu ke cikin wurin da ya ƙone wasunsu ba su sake ganin bayanansu ba. Ƙungiyar da ke hayar uwar garke a waje ta sa wani ya riƙa sauko da fayil ɗin kowane mako zuwa kwamfutar ofishi ko kile, ya sa kwanan wata a sunan kwafin don kada sabo ya hau tsoho, ya kuma buɗe shi ya duba ko odar jiya tana layin ƙarshe.