Ƙiba a Amurka: Wa Ke Biyan Kuɗin Asibitin?

Hukumar CDC ta Amurka ta ce ƙiba na laƙume wa ƙasar kusan dala biliyan 173 a shekara wajen magani, kuma huɗu cikin manya goma na fama da ita. Amma har gobe kwaɗayi da lalaci ake ɗora wa laifi, alhali tushen matsalar yana kasuwa.

John Cawley, masanin tattalin arzikin kiwon lafiya da ya koyar a Jami'ar Cornell, ya daɗe yana bin sawun wannan kuɗi. A 2012 shi da Chad Meyerhoefer suka nuna cewa lissafin da aka saba yi ya gaza. Mutane sukan rage nauyinsu idan an tambaye su, kuma ciwo kansa kan ramar da mutum ko ya ƙara masa jiki. Sai suka bi ta nauyin 'ya'yan cikin mutum, tunda ƙiba na bin jini, suka gano mai ƙiba na ƙara cin dala 2,741 a shekara. Jimillar ta kusa kashi 21 cikin ɗari na kuɗin maganin ƙasar, kuma yawanci inshora da gwamnati ke biya, wato kowa da kowa.

Lemon kwalba da soye-soye sun yi arha, ga su a kowace kwana, aiki kuma ya koma na zaman kujera. Mai ƙaramin albashi abin da ya fi cika ciki da kuɗi kaɗan zai saya, ko da wa'azin likita na kunnensa. Shi ya sa Cawley ya bibiyi harajin lemo da Berkeley ta sa a 2015 da na Philadelphia a 2017. A Philadelphia farashi ya tashi, ciniki ya ragu, sai dai wasu na tsallakawa wajen gari su sayo.

Masu ja suna kafa hujja da wani binciken ƙasar Holan na 2008, cewa mai ƙiba ba ya tsawon rai, don haka kuɗin jinyarsa na duk rayuwa bai kai na mai lafiya ba. Lissafin da ke ɗaukar mutuwar wuri a matsayin rangwame bai cancanci a gina manufa a kansa ba.

Nijeriya ma ta sa naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021. Hauhawar farashi ta cinye wannan naira goman tuni, ciwon suga da hawan jini kuwa na cika asibitocinmu. Ya kamata Majalisa ta mayar da harajin kaso na farashi, ta kuma ware kuɗin domin magani.