Yadda Ake Mayar Da Wutar Tsohuwar Tarakta Daga Volt 6 Zuwa Volt 12

Kamfanin Ford ya ƙera taraktarsa samfurin 8N a Amurka tsakanin 1947 da 1952, kuma har yau manoma da masu sha'awar tsoffin injina suna aiki da ita. Injinta na da ƙarko, sai dai tsarin wutarta ya tsufa: batirinta volt 6 ne, dainamo ke yi masa caji, sannan kan batir mai alamar + ne aka ɗaure a jikin ƙarfen taraktar, akasin motocin yanzu da ake ɗaure mai alamar −.

Me ya sa ake sauyawa?

Dainamo ba ya bayar da caji sosai idan inji na juyawa a hankali, alhali tarakta a haka take yawan aiki. Altaneta ta fi shi a nan. Ga shi kuma batir da fitilu na volt 12 sun fi sauƙin samu a kasuwa.

Akwai kuma batun lissafi. Don yin aiki iri ɗaya, tsarin volt 6 na buƙatar wutar da ke bin waya ta ninka ta volt 12 sau biyu. Shi ya sa ɗan tsatsa a kan batir ko siririyar waya ke isa su kashe wa sitata ƙarfi.

Duba wannan tukuna

Kafin ka sayi komai, kankare kawunan batir, ka goge inda waya ta kama jikin ƙarfe, ka tabbatar wayoyin batirin masu kauri ne, ba irin na ƙananan motoci ba. Taraktoci da dama da ake cewa ba sa tashi, a nan matsalarsu take. Idan kuma fulogi ne ya mutu ko injin ya gaji, volt 12 zai ɓoye cutar ne kawai na ɗan lokaci.

Abubuwan da dole a canza

1. Altaneta: an fi amfani da Delco 10SI, domin na'urar daidaita caji tana cikinta. Sai a cire dainamo da tsohon akwatin daidaita cajinsa. A nemo mata fuli mai faɗi wanda zai dace da bel ɗin taraktar.

2. Ɗaurin batir: yanzu kai mai alamar − ne zai koma jikin ƙarfe. Idan aka haɗa altaneta a juye, nan take za ta iya ƙonewa.

3. Koyil: na volt 6 zai yi zafi ya lalace. Ko dai a sa na volt 12, ko a ƙara wa tsohon abin rage wuta da ya dace da shi. Idan koyil ɗin mai kai biyu ne, mai alamar − ke zuwa distiributa.

4. Fitilu: duk wani ƙwan volt 6 zai ƙone, a maye shi da na volt 12.

5. Mitar caji: a musanya wayoyinta biyu, in ba haka ba za ta riƙa nuna batir na raguwa alhali caji yake yi.

Sitata fa?

Yawanci ana barin ta asali, domin ba ta damu da juyin + da − ba. Amma za ta riƙa juyawa da ƙarfi, don haka kada a daɗe ana danne ta, gudun kada ta yi zafi ta lalace.

Kuskuren da ake yawan yi

Wani sai ya gama aiki, ya kashe makulli, inji ya ƙi mutuwa. Dalili shi ne altaneta na mayar da wuta zuwa koyil ta ƙaramar wayar da ke tayar da ita. Maganinsa a sa diyod ko ƙaramar fitilar alamar caji a kan wannan waya.

Haka nan, a canza duk wayar da rigarta ta farfashe, kuma a sa fis kusa da batir. Tankin fetur na 8N yana saman inji ne, dab da batir, saboda haka tartsatsi ɗaya na iya jawo gobara. A cire kan batir kafin a taɓa kowace waya.

Idan don tarihi ko baje koli ka ajiye taraktar, barinta a volt 6 ya fi kiyaye darajarta. Idan kuwa aikin gona take yi kullum, sauyin zai biya ka, muddin ka kammala dukkan matakan biyar ɗin a lokaci guda.