Daga Abuja Zuwa Emirates: Kallon Ƙwallo Daga Tashar Jirgi Yake Farawa

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan kallon ƙwallo a Fagge ko Tudun Wada ranar Asabar ya san matsayin Arsenal a zukatan matasanmu, har da dattawan da ba sa son a sani. Kaso mai tsoka na wannan ƙauna ya samo asali ne tun 1999, shekarar da Nwankwo Kanu ya baro Inter Milan ya koma Landan, ya kuma zura wa Chelsea ƙwallaye uku cikin minti 15 na ƙarshen wasa. Yaran da suka yi sowa a ranar su ne yau likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki, kuma da damansu na da burin su ga wasa ido da ido, tunda gani ya kori ji. To amma abin da ya fi cancantar a je a gani ba a cikin fili yake ba, a kan hanyar zuwa filin yake.

Kafin a kai can, ya kamata mai niyya ya sani cewa tikitin wasa ya fi na jirgi wuyar samu. Filin Emirates, wanda aka buɗe a 2006, yana ɗaukar mutum dubu 60 da 'yan kai, amma mafi yawan kujerun na masu tikitin kakar wasa ne, ragowar kuma sai wanda ya yi rajista da ƙungiyar. Sayen tikiti a hannun 'yan bumburutu a bakin ƙofa kasada ce, domin doka ta haramta wannan ciniki tun 1994. Haka kuma gidajen talabijin kan sa a ɗage wasan Asabar zuwa Lahadi ko Litinin, saboda haka wanda ya yanki tikitin komowa gida ranar Lahadi yana iya yin biyu babu. Wani abin dariya shi ne, wasan ƙarfe 3 na ranar Asabar ba a nuna shi kai tsaye a talabijin a Ingila, don kada jama'a su ƙaurace wa filayen ƙananan ƙungiyoyi. Wato ɗan Fagge yana kallon abin da mutumin Landan sai dai ya ji a rediyo.

Tafiyar sama ba ta da wani dogon labari: bayan wahalar biza, awa shida da 'yan mintoci ne daga Abuja zuwa Heathrow. A nan ne baƙo kan yi abin da ya saba yi a gida, ya nemi tasi, alhali a ƙarƙashin ƙafafunsa akwai jirgin ƙasa. Layin Piccadilly, wanda ya fara aiki a 1906 aka kuma miƙa shi zuwa Heathrow a 1977, zai ɗauke shi ya ratsa tsakiyar birni ya sauke shi a tashar da ake kira Arsenal cikin kimanin awa guda, ba tare da ya sauya jirgi ba. Ba ya bukatar layin sayen tikiti, katin banki zai ɗora a ƙofa ta buɗe. Ita wannan tasha da Gillespie Road ake ce mata, sai a 1932 mai horar da ƙungiyar, Herbert Chapman, ya matsa aka sa mata sunan Arsenal. Tun a wancan zamani mutumin ya gane cewa ƙungiya da hanyar zuwa filinta Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Mai karatu, ka kwatanta a ranka mutum dubu 60 su taru a tsakiyar unguwa mai ƙananan tituna, ba tare da an tanadar wa 'yan kallo filin ajiye motoci ba. A ranar wasa ana rufe titunan kewaye, wurin ajiye mota kuma na mazauna unguwar ne kawai. Attajiri da ɗan makaranta jirgi ɗaya suke shiga, kafaɗa da kafaɗa, babu jiniya babu 'yan rakiya. Da an tashi wasa, tashar Holloway Road da ke kusa a rufe take, domin na'urorinta na sauka ƙasa ba za su iya da cunkoson ba, sai a karkasa jama'a zuwa Arsenal da Finsbury Park da Highbury & Islington, ana shigar da su rukuni-rukuni. Akwai jira, akwai sanyi, amma layin yana tafiya. Wannan tsari ba daga sama ya faɗo ba. Turmutsitsin Hillsborough na 1989, wanda ya ci rayuka 97, shi ya tilasta wa Ingila sake tunani kan yadda ake tafiyar da taron 'yan kallo.

Ga Musulmi kuwa, a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, wato wasan ƙarfe 3 da Magariba a cikinsa. Masallacin Finsbury Park tafiyar ƙafa ce daga filin, ga kuma gidajen abincin halal na 'yan Aljeriya a titin Blackstock.

Mu ma fa muna da irin wannan fili. Babban filin wasa na Abuja, wanda aka kammala a 2003, girmansa kusan ɗaya da Emirates. Jirgin ƙasan cikin birni da aka ƙaddamar a 2018 yana da tasha mai suna Stadium, a kan layin da ya nufi filin jirgin sama. Sai dai ranar 29 ga Maris, 2022, da Ghana ta hana mu zuwa Kofin Duniya a wannan fili, jirgin a kwance yake tun 2020, dubban jama'a da motoci suka zo, a kan titin kuma suka cushe. An sake tayar da shi a Mayun 2024. Abin da ya rage shi ne ranar babban wasa hukumar ƙwallo da masu jirgin su zauna tebur ɗaya, a ƙara yawan zirga-zirga, a sanar da lokutan tashi tun ana saura mako, a kuma bar jirgin ƙarshe ya jira har alƙalin wasa ya hura usur.