Ƙyallen Da Tela Ya Yar Na Iya Zama Bargo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon tela ana gab da Kirsimeti ya san irin tulin ƙyallayen da kan taru a ƙarƙashin keke. Ga guntun atamfa, ga na shadda, ga na yadin makaranta, ja da kore da ruwan ɗorawa. Da magariba yaron shago ya share ya kai juji, wani lokaci ma a cinna musu wuta. A wannan watan kuwa hunturu yake kaɗawa, akwai kuma tsofaffi da yara a cikin ikkilisiyoyinmu waɗanda suke kwana da zane ɗaya tak. Wannan abu ne ya sa na ɗauki alƙalami yau, domin in yi wa 'yan'uwa bayanin wani aikin hannu da nake yi don sha'awa, watau ɗinkin haɗa ƙyallaye su zama bargo.

Sa'ad da na fara, wasu dattawa sun yi mini dariya, suna cewa yaya katikis zai zauna da allura kamar amarya. Na amsa musu cewa a ƙasarmu maza sun daɗe suna ɗinkin hula da aikin babbar riga, Manzo Bulus kuma da ɗinkin alfarwa ya ci abinci a Koranti, kamar yadda sura 18 ta Ayyukan Manzanni ta nuna. Daga nan ba wanda ya ƙara magana.

Yadda ake yin sa

Irin wannan bargo hawa uku ne. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙyallaye masu launi iri iri. Akwai ciki, inda ake shimfiɗa auduga ko tsohon bargon da ya sha jiki. Sai kuma shafi, watau zane guda da zai rufe bayan. Kayan aikin ba su da yawa: allura, zare mai ƙarfi, almakashi, abin awo, dutsen guga, da kwali wanda za a yanka ya zama ma'auni. Mai keke zai fi sauri, amma hannu ma yana yi.

Ga misali mai sauƙi. In ana son bargo mai faɗin inci 60 da tsawon inci 84, sai a yanka ƙyallaye masu kusurwa huɗu daidai wa daida, kowanne inci 6 da rabi. Rabin incin nan na ɗinki ne, domin kowane gefe yakan cinye rubu'in inci. Za a jera guda 10 a layi, a yi layi 14, duka ƙyalle 140 ke nan. Wanda ya ɗinka 5 kowace yamma, cikin mako huɗu ya gama fuskar. Da yayyafi kogi kan cika. Bayan haka sai a shimfiɗa hawa ukun a ƙasa mai tsabta, a kama su da dogon ɗinki don kada su zame, sa'an nan a bi su da ƙananan ɗinki daga tsakiya zuwa baki. A ƙarshe a naɗe bakin da siririn ƙyalle.

Wajen zaɓen launi ne daɗin aikin yake. A sa mai duhu kusa da mai haske, mai manyan furanni kusa da wanda ba shi da zane, domin ido ya sami wurin hutawa. Kafin a ɗinka, a jera su duka a kan tabarma, a ja da baya a duba. Gargaɗi ɗaya zan yi, domin na sha shi da kaina: a wanke kowane ƙyalle a goge shi kafin a yanka. Bargona na fari, ban wanke wani jan yadi ba, wankin farko ya zuba, ya ɓata dukan fararen da ke kewaye da shi. Aikin wata biyu ke nan, matata tana ta ba ni haƙuri.

Baiwar da ta ɗinka Littafi Mai Tsarki

Aikin nan yana da dogon tarihi a Ingila da Amurka, amma labarin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na wata baƙar mace mai suna Harriet Powers. An haife ta cikin bauta a shekarar 1837 a jihar Jojiya ta Amurka, ta rasu a 1910. A shekarar 1886 ta kai wani bargo bikin baje kolin auduga a garin Athens na jihar. Bargon yana da ɗakuna 11, a kowanne ta yanka ƙyalle cikin siffar mutane da dabbobi ta ɗinka a kai. Akwai Adamu da Hawwa'u a gonar Aidan, da Kayinu yana kashe Habila, da tsanin da Yakubu ya gani a mafarki, da baftismar Yesu, da jibin ƙarshe, da Yahuza da azurfarsa talatin, da gicciyewar Ubangiji.

Wata malamar zane mai suna Jennie Smith ta gani ta nemi ta saya, Harriet ta ƙi. Bayan 'yan shekaru talauci ya matsa wa gidanta, sai ta kawo shi da kanta. Ta yi kuɗinsa dala 10, malamar ta ce 5 take da su, haka aka sayar. Amma kafin ta bar shi, sai da ta bayyana ma'anar kowane ɗaki, malamar tana rubutawa. Ta kan kuma dawo lokaci lokaci ta duba shi. Yau bargon yana gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washinton. Wani kuma da ta ɗinka daga baya, mai ɗakuna 15, wanda ya ƙunshi Ayuba da Yunana, yana gidan adana zane-zane na birnin Boston. Masana da yawa sun lura cewa yadda take ɗora siffa a kan zane ya yi kama da aikin mutanen Fon na Abome, a maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin.

Ni mai koyar da katikisma ne, na kuwa san wahalar sa yaro ya riƙe labari. Mace ga ta, ba ta hau bagade ba, ba ta da takardar makarantar Baibul, amma wa'azinta na allura yana nan fiye da shekara 130.

Matan Gee's Bend

A jihar Alabama akwai wani ƙauye da ake kira Gee's Bend, wanda kogi ya kewaye ta gefe uku. Mazaunansa jikokin bayin da suka yi noman auduga ne a wurin. Gidajensu na katako ne, sanyi yana shiga ta ko'ina, don haka matan suka riƙa yayyaga tsofaffin wandunan aiki da buhunan gari suna haɗa barguna, suna ɗinki suna rera waƙoƙin sujada. A 1966, lokacin gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, matan yankin suka kafa ƙungiyar ɗinki mai suna Freedom Quilting Bee da taimakon wani limamin ikkilisiyar Efiskofal, Francis Walter, suka fara samun kuɗin kansu. A 2002 aka baje bargunan Gee's Bend a manyan gidajen zane na Houston da New York, a 2006 kuma gidan waya na Amurka ya buga hotunan guda 10 a kan kan sarki. Abin da aka ɗinka don kada yara su kwana da sanyi, shi ne duniya ta zo kallo.

Mu fa?

Bayan da Ubangijinmu ya ciyar da mutum 5,000, ya umarci almajirai su tattara gutsattsarin da suka rage don kada a yi asarar kome, aka cika kwando 12. Mai karatu ya duba Yahaya sura 6. Wanda ya iya yawaita gurasa bai yarda a zubar da ragowa ba, balle mu da muke sayen yadi da gumin goshi. A sura 9 ta Ayyukan Manzanni kuma, ranar da Dokas ta rasu a Yafa, abin da gwauraye suka nuna wa Bitrus suna kuka shi ne rigunan da ta ɗinka.

Bargon nan nawa da ja ya ɓata, na so in ɓoye shi don kunya. Matata ta ce in kai wa wata tsohuwa gwauruwa a ikkilisiyarmu, wadda tari yake damunta kowane hunturu. Da na miƙa mata ina ba da haƙuri saboda tabon, sai ta ce, "Malam, sanyi ba ya duba launi." Ta shafa wani ƙyalle ta ce irin atamfar da Zumuntar Mata suka yi anko da ita ce shekarar da mijinta ya rasu. Har yanzu da shi take rufa.

Saboda haka ina roƙon shugabannin Zumuntar Mata da na matasa, maza da mata, su gwada. A ajiye buhu ɗaya a shagon kowane tela da ke cikin ikkilisiya. A keɓe awa biyu bayan taron mako, kowa ya ɗinka layi ɗaya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum 14 sun isa su gama fuskar bargo a zama biyu ko uku. Wanda kuma yake so ya yi shi kaɗai a gida, zai tarar da cewa yana kwantar da hankali, yana kuma rage zaman hira marar amfani. Sai dai a fara tun damina, kada a bari sai ƙura ta taso. A rubuta sunayen gwauraye da marayu da marasa lafiya tun yanzu, domin a san wanda za a fara kai wa.

Allah ya ba mu hannu mai aiki da zuciya mai tausayi. Amin.