Faifan CD ko Rumbun Kiɗa: Wanne Ya Fi Daɗi a Kunne?

Tun da kamfanonin Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982, masu sha'awar tsabtar sauti suka riƙe shi a matsayin ma'auni. Daga baya sai ya sami kishiya, wato rumbun kiɗa, wata kwamfuta da aka keɓe don adana dubban waƙoƙi. Gardama a kan wanne ya fi ta ci kuɗin mutane da dama, domin akwai na'urori na kowane ɓangare da suka fi mota tsada.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa babu sauti a jikin faifan CD, lambobi ne zalla. Ana auna sautin sau 44,100 a kowane sakan, a rubuta kowane awo da lamba. Idan aka kwafe faifan zuwa rumbu a tsarin da ba ya zubar da komai, kamar FLAC, lambobin nan ba sa canzawa ko ɗaya. (MP3 daban yake, yana zubar da wani ɓangare don rage girma.) Saboda haka bambancin da ake ji yakan fito ne daga na'urar da ke mayar da lambobi su zama sauti, da agogon da ke tsara fitarsu, sannan lasifika da ɗakin da aka ajiye ta.

Rumbu yana da fifiko guda. Na'urar faifai tana karantawa ne yayin da kiɗa ke tafiya. In ta ci karo da zagon da ya fi ƙarfin gyaranta, sai ta yi kintace ta cike gurbin. Kwamfuta kuwa tana iya maimaita karatun wurin har ta samu daidai. Amma ranar da ma'ajiyar rumbu ta lalace, in babu kwafi a gefe, tarin shekaru ya tafi gaba ɗaya.

A matsayina na malamin ilimin halittu, kunne ne ya fi jan hankalina. A cikin katantanwar kunne akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Yaro mai lafiya yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a sakan. Wanda ya haura arba'in, irina, da wuya ya ji abin da ya wuce 15,000. Faifan CD yana ɗaukar har 22,050. Sautin da ya zarce haka, wanda ake tallata rumbuna da shi, kare da jemage ne za su more shi.

An gwada wannan. A 2007, Meyer da Moran a Amurka suka sa mutane su bambance sauti mai ingancin CD da wanda ya fi shi yawan lambobi, ba tare da sun san wanne ake kunnawa ba. A gwaji 554, sau 276 suka dace, wato daidai da canki-canka. A 2016 Joshua Reiss na Landan ya tattara gwaje-gwaje 18, ya ga akwai ɗan bambanci ƙanƙani, wanda ke ƙaruwa ga kunnen da aka horar.

Wanda ke shirin saye, ya sa wani ya riƙa sauya masa na'urorin a bayan labule. A kuma daidaita ƙarar su biyun sosai, domin ƙwaƙwalwa takan ɗauki wadda ta ɗan fi ƙara a matsayin wadda ta fi kyau.